Sharhi kan wani kwas na intanet da ke koyar da tsara gangamin hulɗa da jama'a

An tsara wannan kwas ne domin ɗaliban aikin jarida da sadarwa waɗanda suka karanta ma'anar hulɗa da jama'a a littafi, amma ba su taɓa zama sun tsara gangami tun daga tushe ba. Ana bin sa ta intanet, da bidiyon darasi da takardun karatu, sai aikin rukuni wanda masu koyarwa ke dubawa su dawo da gyara. Na bi shi tare da ɗaliban da nake koyarwa, kuma ina ganin ya cancanci malamai su san da shi, duk da giɓin da ya bari a wani muhimmin wuri.

Ginshiƙinsa shi ne tsarin matakai huɗu da John Marston ya gabatar a 1963, wato bincike, tsara aiki, isar da saƙo, da auna sakamako. Tsarin tsoho ne, amma tsananin da aka yi wajen bin sa shi ne abin yabo. Duk malamin da ya taɓa ba ɗalibai irin wannan aiki ya san cewa kafin a gama karanta musu matsalar, wani ya fara zana fosta, wata ta ce a buɗe shafi a Instagram, wani kuma yana lissafin 'yan jaridar da za a gayyata. Kwas ɗin ya hana wannan riga malam masallaci, domin ba a buɗe wa rukuni darasin gaba sai ya miƙa takardar da ta fayyace matsalar, da mutanen da ake son saƙon ya kai gare su, da abin da suka riga suka sani, tare da hujjar da aka samo ta hanyar hira ko takardar tambayoyi.

Wani rukuni daga cikin ɗalibaina ya ɗauki batun ɗakin karatu da masu zuwa cikinsa suka ragu. Manufar da suka fara rubutawa ita ce "wayar da kan jama'a game da ɗakin karatu". Mai duba aikin ya dawo da takardar da tambayoyi a gefen shafi: waɗanne mutane, daga nawa zuwa nawa, kuma zuwa yaushe? Wannan shi ne ma'aunin da George Doran ya wallafa a 1981, mai neman manufa ta kasance takamaimai, mai aunuwa, mai wa'adi. Da suka fita suka yi hira, sai suka tarar kowa ya san da ɗakin karatun, abin da ba a sani ba shi ne an ƙara lokacin rufewa zuwa dare. Nan take gangamin ya sauya fuska, ya koma isar da labari guda ɗaya ga masu tashi aiki da yamma.

Darasin hanyoyin isar da saƙo ya bi rabon da Gini Dietrich ta yaɗa a 2014: wanda aka biya, wanda 'yan jarida suka ɗauka don kansu, wanda jama'a suka yaɗa, da wanda hukuma ko kamfani ya mallaka. Bayanin a taƙaice yake, kuma ya wadatar. Misalin da ya fi kama hankalin ɗalibai shi ne na maganin rage raɗaɗi na Tylenol a 1982, lokacin da mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago bayan an zuba guba a maganin, kamfanin Johnson & Johnson, mai maganin, ya janye kimanin kwalba miliyan 31 daga kasuwa. An kawo shi ne don a nuna cewa aikin da aka yi ya riga sanarwar da aka fitar. Sai dai yawancin misalan na manyan kamfanoni ne masu ɗimbin kuɗi, alhali akasarin ɗalibai za su fara aiki ne a ƙananan ƙungiyoyi, kuma darasin kasafin kuɗi bai yi zurfin da zai taimake su a can ba.

Babban raunin kwas ɗin yana wajen auna sakamako, kuma wannan ya dame ni ƙwarai. A 2010 masana wannan fanni suka amince da ƙa'idojin Barcelona, waɗanda suka fifita auna canjin da aka samu a ilimi ko ɗabi'ar mutane a kan ƙirga labaran da aka buga, suka kuma yi watsi da kimanta labari da kuɗin tallar da zai ci a jarida. Kwas ɗin ya ambaci wannan a ɗan gajeren bidiyo, amma da aka zo rahoton ƙarshe sai ya karɓi yawan masu danna alamar so a Facebook a matsayin shaidar nasara. Ɗalibin da aka tilasta wa rubuta manufa mai aunuwa a farko, bai kamata a bar shi ya kammala ba tare da ya auna ta ba.

Ina ba malamai shawarar su yi amfani da shi, musamman matakan bincike da tsara manufa, amma su ƙara darasi nasu kan kasafin ƙaramar ƙungiya, su kuma sa kowane rukuni ya sake raba takardar tambayoyin da ya fara da ita bayan gangamin, ya kwatanta amsoshin biyu a cikin rahotonsa.