Yaya, Ga Labarin Santambul

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Hajiya da Anti da yara duka. Ya kasuwa? Allah ya ba da sa'a. Ka gaishe min da Baba, ka ce masa garin Istanbul na Turkiyya da har yau yake kira Santambul yana nan, kuma masallatan da yake gani a kalanda ba ƙarya ba ne.

Saƙon muryar da ka turo min tambaya ɗaya ce ka juya ta sau uku: kaya sun fi araha a nan ko a'a? Gajeriyar amsa, ba su fi ba. Doguwar kuma sai ka samu wuri ka zauna.

Ofishin kargon da nake aiki yana Laleli. Aikina in ɗora ƙunshi a sikeli, in naɗe shi da leda da salatif, in rubuta sunan mai kaya da garinsu. Unguwar gaba ɗaya shagunan sari ne, bene kan bene, kuma da yawan allunansu da Rashanci da Larabci aka rubuta. Tun bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 matan Rasha da Yukren suka riƙa zuwa da manyan jakunkuna suna sari, unguwar ta tashi a kansu. Daga baya Larabawa suka shigo, mu 'yan Afirka muka biyo sahu. Abin da ya kamata ka sani shi ne ba a sayar da riga ɗaya. Suna da abin da suke kira seri, wato samfuri ɗaya daga ƙaramin lamba har babba a ɗaure tare. Ka so ka ƙi sai ka ɗauki duka, har da lambar da ka san babu mai jikinta a layinku. Farashin kuma yawanci da dala ake faɗa maka.

Ciniki a nan ba irin namu ba ne. A kasuwar Kwari ta Kano mai kaya ya ce albarka, ka juya kamar za ka tafi, ya kira ka, ku yi ta ja har a daidaita. Ɗan Laleli zai zaunar da kai, ya aika a kawo maka shayi a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, ya tambayi garinku, sannan ya danna kalkuleta ya juyo maka da ita. Abin da zai rage kaɗan ne, shi ma sai ka ɗauki da yawa. In ka tashi ba zai bi ka ba. Inda ake ciniki na gaske shi ne babbar rufaffiyar kasuwar nan ta Kapalıçarşı, wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Muhammadu Fatih bayan ya ci garin a 1453. Layuka wajen 60 ne a cikinta, shaguna kusan 4,000. Ka je ka ga zinariya da darduma da fitilu masu launi, ka cika ido, amma ɗan kasuwa ba ya sari a can. Farashin baƙi ne.

Ta wajen ɗinki kam na sara musu. Kwat, wandon jins, kayan yara, abaya, tawul da zanen gado, ɗinkinsu ya fi na yawancin kayan Sin da ke shigo mana, kuɗinsu ma haka. Kayan fata a Zeytinburnu suke, wani sarin tufafin a Merter da Osmanbey. Labulen da Anti ke tambaya na gan shi a Unkapanı, bene guda na masu yadin labule da na kujeru. Sai dai ka lissafa kuɗin kilo na kargo kafin ka yi murna, domin labule nauyi gare shi. Shadda da atamfa kuwa kada ma ka sa rai, Kwari ta yi musu nisa. Tela ma a nan aikinsa rage tsawon wando da canja zif. Kowa ɗinkakke yake saye. Ranar Sallah da na sa farar shaddata da hula, sai da mutum uku suka tsayar da ni a hanya don ɗaukar hoto.

Kuɗinsu yana fama da irin ciwon namu. A farkon 2021 dala ɗaya ba ta kai lira 8 ba, a farkon 2024 ta haura 30. A watan Oktoban 2022 hauhawar farashi a lissafin gwamnati ta kai kashi 85 cikin 100. Shi ya sa ba zan rubuto maka kuɗin komai ba, kafin ka karanta ya canja. Tsofaffinsu a wurin shan shayi hirarsu ke nan, tsadar rayuwa, kai ka ce a majalisar ƙofar gidanmu kake.

Abin da ya ɗaure min kai ba kayan ba ne, Yaya. Ƙananan hidimomi ne da mu muke kashe rabin yini a kansu. Akwai kati ɗaya, Istanbulkart, kana zuba masa kuɗi a na'ura. Da shi za ka hau bas, da jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, da taragon da ke bi ta ƙofar ofishinmu ya gangara Sultanahmet zuwa Eminönü, har da jirgin ruwa. Babu kwandasta, babu rigimar canji. Garin rabinsa a Turai yake rabi a Asiya, ruwan Bosforus ya raba su. In kana sauri akwai jirgin Marmaray da aka buɗe a 2013, yana bi ta ƙarƙashin teku, cikin 'yan mintoci ka fito a Üsküdar, ɓangaren Asiya. Ni dai na fi son jirgin ruwa. A ciki ake sayar da shayi, fasinjoji na gutsurar simit, wani burodi mai kamar awarwaro da aka barbaɗe da riɗi, suna jefa wa tsuntsayen teku suna cafkewa a sama. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba, amma kallon da za ka yi na hasumiyoyin masallatai daga kan ruwa, da a wani wurin ne sai an sayar maka da tikiti na musamman. Cunkoso fa akwai shi. Mutum sama da miliyan 15 ne a garin, da yamma in ka shiga tarago ko hannunka ba za ka iya ɗagawa ba.

Watana na fari na kasa barci sosai, sai daga baya na gane ƙarar janareta ce kunnena ke nema. Wuta tana nan, gas ma ta bututu yake shigowa gida. Amma takardar kuɗinsu ba ta makara, kuma a lokacin sanyi kuɗin ɗumama ɗaki kaɗai ya isa ya sa ka kwana da rigar sanyi biyu. Ruwan famfo ba ya yankewa, amma mutane da yawa ba sa shan sa. Ana kiran waya a kawo babbar gora mai lita 19 har ƙofar ɗaki. Ka ga mai garuwa bai mutu ba, babur kawai ya samu.

Bari in ba ka labarin tsohuwar da ke hawa na huɗu a gidan da ke kallon namu. Kullum da safe sai ta buɗe taga, ta zuro kwando da igiya, ta ƙwala wa mai shagon ƙasa kira. Shi kuma ya fito yana goge hannu a riga, ya ɗauki 'yar takardar da ke cikin kwandon, ya koma ya haɗo burodi biyu da madara da ƙwai, ya zuba. Ta ja abinta a hankali, kwandon na lilo yana gogar bango. Ban taɓa ganin kuɗi a ciki ba. Da na tambaye shi sai ya nuna min wani tsohon littafi, kowane gida da shafinsa, sai ƙarshen wata. Ga manyan shaguna irin su BİM da A101 da Şok a kowace kusurwa, sun fi shi araha, amma ba su san sunan kowa ba, ba sa ba da bashi. Na tuna da mai shagon layinmu da littafinsa mai maiƙo. A gidan burodi kuma akwai wata al'ada, mutum ya sayi biyu ya biya kuɗin uku, a rataye na ukun. Wanda ba shi da hali ya zo ya tambaya ko akwai na rataye, a miƙa masa, babu mai kallon fuskarsa.

Kowace unguwa tana da ranar kasuwarta kamar ƙauyukanmu. Ta Fatih ranar Laraba take ci, a rufe tituna a kafa rumfuna, da dare a kwashe a share kamar ba a yi ba. Tumatir, zaitun, ɓaure, inabi, cuku iri-iri, komai da kilo, babu mudu babu kashi, babu kuma gyara. Na taɓa cewa a ƙara min, mutumin ya ɗauka wani kilon nake so. Kuɓewarsu 'yan ƙanana ce, busasshiyar a zare ake shirya ta kamar carbi, da tsadar da za ka rantse magani ce. Barkononsu ja ne kawai, ba ya ko sa mutum tari. Nama kuwa, Yaya, ku gode wa Allah. Abin da za ka ci a wurin mai tsire da daddare ba tare da tunani ba, a nan sai ka yi shawara da aljihunka. Kaza muke ci. Tuwo kuma da garin alkama mai tsaki-tsaki da suke kira irmik muke tuƙawa, yana rufa asiri.

Wani dare cikin hunturu na ji murya a titi ana jan kira, "Booozaa!" Na ɗauka wani ne ya ɓata. Abokin ɗakina ya ce abin sha ne, washegari ya kai ni unguwar Vefa, wani tsohon shago da ke sayar da shi tun 1876. Aka miƙo min kofi, abu mai kauri, ruwan ƙwai-ƙwai, an barbaɗa kirfa, ana zuba gasasshen wake mai kama da gurjiya a kai ana ci da cokali. Na kai baki sai na tsaya. Gero ne. Gero da aka dafa aka bari ya yi ɗan tsami aka sa sukari. Tsakanin kunun zaƙi da koko mai sanyi. Ga mutane sanye da manyan kwat sun yi layi a kan abin da Hajiya ke dama mana a ƙwarya. Ban san lokacin da idona ya kawo ruwa ba, na ce kirfar ce. Suna da nono ma, ayran, amma gishiri suke sa masa. Wannan kam har yau ban yafe musu ba.

Kyanwa a garin nan sarauniya ce. Za ka gan ta kwance a kan kujerar mai shago shi yana tsaye, ko a cikin masallaci a sahun gaba. Ana ajiye musu abinci da ruwa a bakin titi, har 'yan gidaje ake yi musu. Wanzaminsu kuma in ya gama aski sai ya kunna wuta a ɗan tsinke mai auduga ya babbake maka gashin kunne. Ranar farko saura kaɗan in bar masa takalmina.

Akwai gaisuwar da ta sa na ji kamar ina gida. Duk wanda suka gani yana aiki, ɗan dako ne ko mai shara, sai su ce masa kolay gelsin. Sannu da aiki ke nan. Da ita na fara samun fara'ar 'yan dakon Laleli, masu jan kaya a amalanke mai taya biyu har ya fi tsayinsu.

Kada ka ɗauka komai zuma ne. Kuɗin haya wata-wata ake biya, ba shekara ba, amma sai ka ajiye kuɗin jingina, ga la'adar dillali, kuma masu gida da yawa da sun ji baƙo ne sai su ce an kama. Mai gidanmu na farko ya riƙe mana kuɗin jingina a kan tabon da muka tarar a bango. Takardar izinin zama kuma ba ta barin aljihuna, domin a unguwar Aksaray da ke kusa da Laleli ana iya tsayar da kai a kowane lokaci. In za ka zo, ka sani wayar da aka shigo da ita daga waje kwana 120 take yi da layin nan, daga nan a toshe ta sai an biya kuɗin rajista, wanda sau da yawa ya fi kuɗin wayar. Kwana goman da za ka yi ba matsala. Ka zo da takalmi mai daɗin tafiya, garin duk hawa da gangara ne, sannan ka guje wa watan Janairu.

Akwai wani bawan Allah da zai taso daga Kano ƙarshen wata, zan turo maka lambarsa. Don Allah a haɗa min kuka da daddawa da yajin ƙuli, a ɗaure daddawar cikin leda uku, kada a sake irin ta wancan karon. Anti kuma ta auno min faɗi da tsawon tagoginta da tef, ba da taku ba. Hajiya ta faɗi kalar dardumar sallar da take so.

Naka ƙane.