Hajiya, in shak za ku kallo ku tafi Dubai Mall

Hajiya Maman Yara ta nan Agege ta tambaya jiya, wai za ta Dubai sarin kaya da yaranta biyu kuma sun dame ta sai sun ga kifin shak, shin gidan kifayen Dubai Mall ya fi ko na otal ɗin Atlantis? To Hajiya ga abin da na sani.

Duk biyun a 2008 aka buɗe su, girman ruwan ma kusan ɗaya ne, na Dubai Mall lita miliyan 10, babban tankin Atlantis kuma miliyan 11. Amma wallahi ba iri ɗaya ba ne kallon.

Na Dubai Mall shi ne gidan shak na gaskiya. Akwai wata hanya ta gilas mai tsawon mita 48 da ta ratsa ta ƙarƙashin ruwan, kina tafiya shak na wucewa ta saman kanki, ki ga cikinsa fari tas, ga waɗansu kifaye masu faɗi da doguwar jela suna shawagi. Nau'in da ya fi jan ido su ne masu haƙora cako-cako a waje, ko baki a rufe sai kin gan su, yara kan tsorata da farko amma fa ba masu faɗa ba ne sosai, a hankali suke yawo abinsu, har iska suke haɗiya daga saman ruwa don su iya tsayawa cik ba su nutse ba. Gilashin gaban kaurinsa santimita 75 ne, don haka ki kwantar da hankalinki. Kuma abin da na fi so, wannan babban gilashin daga cikin mol ɗin ake ganinsa kyauta, in kuɗi ya yi kaɗan bayan sari ku tsaya nan ku sha kallo, tikiti sai in za a shiga hanyar ko a hau sama wajen wani ƙaton kada da aka kawo daga Ostireliya.

Na Atlantis kuma, wanda aka fi sani da Lost Chambers, ado ya fi yawa. An yi shi kamar kangon wani tsohon birni da ruwa ya cinye, ɗaki-ɗaki, duhu-duhu, hoto yana kyau ba ƙarya. Suna cewa halittun ruwa 65,000 ne a otal ɗin, shak ma akwai, sai dai ta taga za ki leƙa su. Inda ake ratsa su shi ne wurin wasan ruwa na Aquaventure, a sulɓo ta cikin bututu, wannan kuwa sai an sa kayan wanka, kin san shigar mutanen wurin ba irin tamu ba ce.

Sai maganar nisa. In a Deira kika sauka kamar yawancin 'yan kasuwarmu, jirgin ƙasa jan layi zai kai ki tashar Burj Khalifa/Dubai Mall, ki taka gadar da ke da AC ki shiga, ga wurin sallah ga abinci duk a ciki. Atlantis can ƙarshen tsibirin Palm Jumeirah yake, kamar ki tashi daga Agege ki ce za ki Ajah ne, gosulo kawai ya fi sauƙi, yini guda zai ci miki.

Ni dai da ni ce, Dubai Mall da safe ranar aiki, kafin cunkoson yamma da na Asabar da Lahadi. Ki duba farashin tikiti a intanet tun kafin ku tashi daga Legas, yana canzawa.