Gargaɗi: masu sayar da "liyarin 1780 na asali" a Facebook da WhatsApp

Jama'a a kula da masu tallan liyarin Mariya Tareza, azurfar nan da mata ke ratayawa a sarƙa. Suna cewa nasu bugun 1780 ne na asali, ko kuma yana da "kuskuren hatimi", wato kuskure a zanen da aka buga a jikinsa, da Turawa ke nema ido rufe. Da ka nuna sha'awa sai wani ya kira ka, wai dillalin Bature ne, ya taya da miliyoyi, amma sai ka fara saye daga mutumin farko, ko ka biya kuɗin satifiket. Bakinsu ɗaya. Kuɗi na shiga, layi ya mutu.

Shekarar da ke jikin liyari ba ta nuna tsufansa. Mariya Tareza, sarauniyar Ostiriya, ta rasu a 1780, kuma aka ci gaba da buga shi da wannan shekara saboda 'yan kasuwar Habasha, Yaman, Sudan da ƙasar Hausa shi suka yarda da shi. An buga fiye da miliyan 300, a Biyana, Roma, Landan, Faris, Bombai da wasu wurare, har yau ma Ostiriya na bugawa. Yawancin waɗanda ke hannun mutane darajarsu ba ta wuce ta azurfar da ke ciki da ɗan ƙari ba.

Bambancin hatimi gaskiya ne, akwai shi, kuma da shi masana ke gane inda aka buga. Da gilashi mai ƙara girma sau 10 ake dubawa: yawan ƙwayoyin lu'ulu'u a kambun kan sarauniyar, siffar maɗaurin riga a kafaɗarta, ko an rubuta U ko V a kalmomin AVST da DUX, da gashin wutsiyar mikiyar da ke bayan liyarin, inda bugun Biyana na zamani ke da uku a tsakiya, na Landan biyu. Haruffan S.F. da ke ƙasan hoton ba shaidar tsufa ba ne, suna jikin sabon bugu ma. Ka lura da abu guda: bambancin hatimi a jikin ƙarfen bugun yake, don haka duk liyarin da wannan ƙarfe ya buga da shi zai fito, iri ɗaya, a wuri ɗaya. Wanda ya ce maka nasa shi kaɗai ne a duniya, ko dai lahani ne, ko an sa wuƙa an sassaƙa. Sassaƙa tana barin ƙarce mai sheƙi a gefen harafi. Haka kuma rubutun da ya fito biyu amma na biyun ya baje kamar matakala, girgizar inji ce lokacin bugu, ba ta ƙara ko sisi.

Kafin ma a kai ga wannan, a tabbatar azurfa ce. Nauyinsa giram 28.07, faɗinsa wajen milimita 39.5 zuwa 41, azurfa kashi 833 cikin 1000, wato giram 23.4 ke nan. Tsohon da ya sha hannu zai ɗan ragu, amma giram 24 ko 25 jabu ne. Maganaɗisu yana kama baƙin ƙarfe, amma tagullar da aka shafa wa azurfa za ta tsallake, sai dai ta fi azurfa rashin nauyi, don haka in nauyi ya cika za ka ga kauri ya wuce milimita 2.5. Duba bakin liyarin: na gaske yana da rubutun IUSTITIA ET CLEMENTIA da ya taso. Na jabun da aka yi da zubi, rubutun a dushe yake, da layin haɗi da ƙananan ramuka kamar zanzana.

Kada a biya a kan hoto, domin hotunan gwanjon ƙasashen waje suke kwafowa. A je da sikeli, ko a kai wa maƙerin fari ya auna a gabanka, amma kar a bari ya goga ko ya ɗiga asid. Wanda aka huda ko aka liƙa wa kunne don rataya, kuɗin azurfarsa kawai za a biya.