Tafiyar Dutsen Kailash da Tafkin Manasarovar: yadda na ga aikin kamfanin da ya kai mu

Bari in fara da hukuncin tun kafin dogon labari. Kamfanin da ya kai mu Kailash, yaransu na kan hanya sun cancanci duk yabon da mutum zai iya yi, amma ofishinsu na Katmandu, babban birnin Nepal, yanada gyara babba, kuma gyaran nan ya shafi ran mutane ne, shi yasa na kasa yin shiru. Bazan kama sunansu ba.

Ni Musulmi ne, ba ibada ta kai ni ba. Abokin karatuna ne a Maleshiya, Bahindu dan asalin Tamil, mahaifiyarsa ta dade tana burin zuwa wurin nan kafin karfinta ya kare, shi kuma yana neman wanda zai taya shi kula da ita, ni kuma dama mutum ne mai son hawan dutse, sai nace mu je. Ayarin namu in banda ni duk Hindu ne masu fasfon Maleshiya da Singafo da Moris, saboda masu fasfon Indiya daban ake yi musu takardu a bangaren Tibet, wadda ke karkashin kasar Sin, ba'a hada su da sauran baki. Su 'yan Indiyan ma tun 2020 aka rufe musu tafiyar, korona da rikicin kan iyaka da Sin, sai a 2025 aka sake budewa, gwamnatinsu ta tura mutum 750 ta mashigun kan iyaka na Lipulekh da Nathu La bayan anyi kuri'a da kwamfuta.

Ga wanda bai san wurin ba, dutse ne a yammacin Tibet, yankin Ngari, tsayinsa mita 6,638, Hindu sun yi imani nan ne mazaunin abin bautarsu Shiva, 'yan Budda da Jain da masu addinin Bon suma kowa da nashi dalilin girmama shi, kuma har yau ba wanda ya taba hawa kololuwarsa, ba'a ma bada izini. Zagaye shi ake yi da kafa, kusan kilomita 52, Hindu suna ce masa parikrama, 'yan Tibet kora. Manyan koguna hudu ne ke tasowa daga wannan yankin, Indus da Sutlej da Brahmaputra da Karnali, toh kaga mutanen da ke rayuwa da ruwan nan a kasa ba'a magana.

Maganar takardu gaskiya sunyi kokari. Tibet ba'a shiga kai kadai, dole ta hannun kamfani da gaid, akwai izinin shiga Tibet din kanta, akwai na fita wajen manyan garuruwa, akwai na soja tunda yankin kan iyaka ne, sannan biza ta ayari wadda ake karba a ofishin jakadancin Sin na Katmandu, takarda guda ce da sunayen kowa, tare za'a shiga tare za'a fita. Duk sun gama mana wannan ba hayaniya. Abu daya da basu sani ba sai ni na fada musu, mai fasfon Najeriya baya samun bizar Nepal a filin jirgi, haka na Ghana da Kamaru, sai ka nema tun daga inda kake. Dan uwa in zaka je ka rike wannan da kyau, don su sun saba da Turawa da 'yan Asiya, zasu ce maka kawai ka taho.

A Katmandu sun kai ayari haikalin Pashupatinath, wanda ba Bahindu ba baya shiga ciki, gaid din ya fada min tun a mota cikin mutunci, ya nuna min inda zan tsaya a daya gefen kogin Bagmati. Naji dadin hakan don bai bari naje kofa an koro ni ba.

Yanzu ga inda raina ya baci. Katmandu mita 1,400 ce sama da teku. Daga nan mota ta bi ta Syabrubesi zuwa kan iyaka a Rasuwagadhi, aka tsallaka Kerung, kusan mita 2,700, wato tun nan kun wuce Chappal Waddi na Taraba da ke mita 2,419 wanda duk Najeriya ba dutsen da ya kai shi. Daga Kerung kuma sai Saga, sama da mita 4,400, a yini daya cikin mota. A takardar da suka turo mana an rubuta akwai ranar hutu don jiki ya saba da karancin iska, amma biza ta dan yi jinkiri a Katmandu, su kuma suna so lallai a isa tafki daren da wata ya cika saboda wasu sun biya don hakan, sai kawai aka cinye ranar hutun ba tare da an zauna da mu an tambaye mu ba. Wallahi wannan ba daidai bane. Ayarin nan rabinsa dattawa ne, wasu da hawan jini wasu da ciwon suga, a Saga da daddare kana jin masu amai ta bango, wani dattijo dan Moris lebensa har ya canza kala, yaran Sherpa, wato mutanen tsaunukan Nepal da ke mana hidima a hanya, su ne suka kwana a kansa da tukunyar iskar oksijin suna auna shi da dan abin nan da ake makalawa a yatsa, washegari aka mayar da shi kasa. Kudinsa ya tafi, dutsen ma bai gani ba. Ciwon tsauni baya duba karfin mutum ko karfin imaninsa, maganinsa a hau a hankali, in ya tsananta a sauka, kwayar Diamox da suke rabawa safe da yamma taimako ce kawai. Kamfanin da ya dade a wannan sana'a ya fi ni sanin haka. Kuma ko takardar likita da suka ce kowa ya kawo ban ga wanda ya bude ta ba.

Manasarovar kam, Allah mai iko. Ruwa ne shudi mai fadi a tsayin kusan mita 4,590, gefe guda ga dutsen Gurla Mandhata da kankara, daya gefen can nesa ga Kailash tsaye shi kadai, kusa da tafkin kuma akwai dan uwansa tafkin Rakshastal mai ruwan gishiri wanda mahajjatan basa taba shi, a motar ma da muka zo wucewa wasu kauda kai suke. Lokacin da aka fara hango dutsen motar gaba daya ta dauki Har Har Mahadev, kirarin da suke wa Shiva, Mama, wato mahaifiyar abokina, ta fashe da kuka tana rike da hannun danta. Ba akidata bace amma na san me ake nufi da mutum ya kwashe shekaru yana tara kudi da buri, sai gashi ya iso. Gaid dan Tibet yace an hana shiga cikin tafkin, sai yaran kicin suka rika debo ruwa a bokiti, suka kafa dan tanti don mata, suka dafa ruwan zafi suna sirkawa tsofaffi, abinda ba ya cikin yarjejeniya ma. Suka shirya musu wurin kunna wutar ibadarsu da suke kira havan, itace da man shanu da komai. Ni kuma na koma gefe nayi sallata, ba wanda ya dube ni da wani ido, shugaban Sherpa din ma kullum da asuba shi ke aje min ruwan dumi a filas don alwala tunda ya lura. Sai dai lokacin sallah ka bi rana kada ka bi agogo, duk kasar Sin agogon Bejin suke bi, kana tsallaka iyaka an kara awa biyu da minti goma sha biyar, kuma nan can yamma ne, karfe tara na dare da sauran haske.

Abinci ba nama ko kadan, ba kwai, shinkafa da miyar wake irin tasu ta dal, capati, kicari, miyar ganye mai zafi, shayi ba iyaka. Ga Musulmi hankali kwance tunda ba tambayar yanka. Ya ishe ka amma zaka gaji da shi, na gode Allah da na tafi da dabino da gyada. Masauki a Kerung da Saga da Darchen ba laifi, amma bakin tafki da Dirapuk da Zuthulpuk, wato zangon kwana biyun da ke kan hanyar zagayen dutsen, daki ne na mutum da yawa, ba wanka, bandaki kuwa rami ne a waje cikin sanyin da ke yanka kashi, wannan ba laifin kamfani bane don abinda ke wurin kenan, laifinsu shine hotunan da suka turo mana na otal din Katmandu ne kawai.

Zagayen daga Darchen ake farawa, mota ta kai ku Yam Dwar, daga nan kafa ko doki. Kudin doki da dan dako baya cikin kudin tafiya, a hannu ake biya da kudin Sin, kuma ba kai ke zaben doki ba, kuri'a ake ja, in ka biya ka fasa ba'a mayarwa. An rubuta hakan a can kasan takarda da kananan haruffa, amma adadin da suka ce mu rike bai kai ba, mutane suka rika rance a junansu a Darchen inda katin banki na waje baya aiki. Ranar farko tafiya ce mai dadi cikin kwari har Dirapuk, inda fuskar dutsen ta arewa ke tsaye a gabanka, baki da zanen farar kankara, kusa sosai har wuya na ciwo in kana kallo. Da yawa daga dattawan nan suka tsaya suka juya, Mama ma haka, kuma shugaban Sherpa din ne ya zauna da ita ya auna ta yace Mama kin ga fuskarsa, ya isa, gobe ba naki bane. Danta yaso ya matsa, mutumin nan ya ki sam, ya hada ta da yaro daya suka koma Darchen. Wannan kin da yayi shine abu mafi daraja da na saya da kudina a tafiyar gaba daya.

Rana ta biyu ita ce ranar, tun duhu ake tashi da tocila a goshi, a hau zuwa mashigar Dolma La, kusan mita 5,630, taku goma ka tsaya ka nemi numfashi, a hanya ka wuce Shivasthal inda mutane ke barin tsohuwar riga ko gashin kai, ga 'yan Tibet masu zagayen da kwanciya, su mike a kasa su tashi su matsa su sake, makonni suke yi a haka, ga masu Bon suna tahowa ta gaba don su ta hagu suke zagayawa sabanin kowa. A saman ba'a dadewa, tutocin addu'a ko ina, iska kamar zata dauke ka. Abinda ofis basu fada wa masu doki ba shine gangaren bayan Dolma La dole kowa ya sauka ya taka da kafarsa, duwatsu ne masu santsi, kasa can ga karamin tafkin Gauri Kund kore shar. Wata baiwar Allah da ta dauka doki zai kai ta har karshe ta zauna tana kuka, yaran Sherpa biyu suka sa ta a tsakiya har kasa, daya ma ya gangara Gauri Kund ya debo wa mutane ruwan a gora don su basu iyawa. Sama da kilomita 20 ake yi ranar kafin Zuthulpuk. Ta ukun gajeriya ce.

In zaka je, ko zaka raka wani, ka sa su rubuta maka cewa ranar hutun sabawa bata tabuwa ko da biza tayi jinkiri, ka tambayi tukunyar oksijin nawa ce kuma Sherpa nawa ga mutum nawa, ka yi inshorar da ta hada da dauko mara lafiya daga tsauni, ka rike kudin Sin fiye da yadda suka ce. WhatsApp da Facebook da Google basa aiki a can da layin gida na Sin, ka fada wa iyali tun kafin ka tsallaka kada hankalinsu ya tashi, kuma kada a ga hoton Dalai Lama, jagoran 'yan Buddan Tibet da ke gudun hijira, a wayarka ko jakarka a kan iyaka. Ka kuma tambayi hanyar da za'a bi, don a Yulin 2025 ambaliya ta tafi da gadar Rasuwagadhi, akwai kuma ta Nepalgunj da Simikot da Hilsa da jirgi mai saukar ungulu, ta fi sauri amma ta fi tsada kuma rashin kyawun yanayi na iya tsare ku kwanaki. Shekarar 2026 shekarar doki ce a lissafin Tibet, wadda suka yi imani zagaye daya a cikinta na daidai da goma sha uku, toh cunkoso sai abinda ya karu, dakunan Dirapuk din nan kuwa ba yawa gare su ba.

Yaran hanya na basu biyar cikin biyar, ofis biyu. Tukuicin da muka hada a karshe hannu da hannu muka damka wa shugaban Sherpa din a gaban yaransa, bamu bi ta ofis ba, kuma ina baka shawarar kai ma kayi hakan.