Rangadin ƙauyukan Derbyshire a ƙaramar bas: Eyam ce ta fanshi kuɗina

Tun kafin Baba ya taso daga Zariya don bikin yaye mu na yankar mana tikitin rangadin nan na yini guda, wanda ake tashi daga tsakiyar Manchester a zagaya Castleton da Bakewell da Eyam. Kuɗin dai kun san shi, ba ƙarami ba ne a wurin ɗaliba, balle na mutum biyu. Na daure na biya ne saboda Baba ya ce ya gaji da kallon benaye da kantuna, shi ƙauye yake son gani, ya ga yadda talakan Bature yake zaune.

Safiyar ba ta yi mini daɗi ba ko kaɗan. An ce mu hallara ƙarfe 8:30, bas ba ta iso ba sai 9:10, babu kira babu saƙo, ga dattijo mai ciwon gwiwa a tsaye cikin yayyafi yana dogara sanda. Da aka zo ma ba wanda ya ba mu haƙurin kirki. Mun bi ta Winnats Pass, wani kwazazzabo tsakanin manyan duwatsu da tumaki ke kiwo a gefensa, aka sauke mu Castleton minti 40, muka hango kufan ganuwar Peveril a kan tudu, aka ce mu koma mota. A Bakewell kuwa awa biyu cur aka bar mu. Gadar dutsen da ke kan kogin Wye tana da kyau, ta kai kusan shekara 700, amma kallon minti goma ne. Sauran lokacin na sayen tsaraba ne da cin wainar garin mai almon, wadda zaƙinta ya yi wa Baba yawa. A bakin kogin muka samu gefe muka yi salla, kuma a lokacin na riga na gama tsara ƙorafin da zan rubuta.

Sai muka isa Eyam. Da farko dai sunan ba yadda aka rubuta shi ake faɗa ba, "Im" ake cewa, a ɗan ja wasalin. Ƙauye ne mai doguwar hanya guda, gidajen dutse, gonaki an kewaye su da katangar duwatsun da aka jera ba laka ba siminti. Da can haƙar dalma ce sana'ar mutanensa, kuma sunansa yana cikin kundin ƙidayar filayen Ingila na 1086. Jagorarmu, wata dattijuwa da tun safe ba ta cika magana ba, tana sauka a nan sai ta zama wata daban. Ta tsayar da mu ƙofar wasu ƙananan gidaje kusa da coci, kowanne da allo a gabansa ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu a ciki. Ta ce a ƙarshen bazarar 1665 aka aiko wa telan ƙauyen ƙunshin yadi daga Landan, inda annobar ɗa'un, cutar da ƙumar ɓera ke yaɗawa, ke ta kisa. Yadin ya yi danshi, yaron shagon, George Viccars, ya baza shi kusa da wuta, ashe akwai ƙuma a ciki. Cikin 'yan kwanaki ya rasu, aka binne shi ranar 7 ga Satumba.

Baba tsohon duba-gari ne, shekara 30 ya yi yana leƙa rijiyoyi da kwatoci. Yana jin an ambaci ƙuma ya matso gaba, ya ce mini, "Uwata, faɗa mata ta rage gudu, ba na kama harshenta sosai." Na faɗa mata. Wallahi daga nan har muka bar ƙauyen, shi take fuskanta in za ta yi magana, a hankali, tana jira ya gyaɗa kai.

Abin da ya biyo baya shi ne ya riƙe ni. Cutar ta lafa da sanyi, ta dawo da ƙarfi a 1666, mutane suka fara shirin gudu zuwa Sheffield da garuruwan kusa. Limamin cocin, William Mompesson, matashi ne kuma baƙo, bai fi shekara biyu a garin ba. Wanda jama'a suka fi yarda da shi shi ne Thomas Stanley, tsohon limamin da aka tuɓe saboda saɓanin aƙida da hukumar coci. Mutum biyun nan da ba sa ga maciji a kan addini suka haɗa kai, suka shawo kan jama'a a kan abu uku: kowane gida ya binne mamacinsa da kansa, a daina taruwa cikin coci a koma ibada a fili a wani kwari da ake kira Cucklett Delf, sannan ba shiga ba fita. Basaraken Devonshire da ke Chatsworth da ƙauyukan maƙwabta suka riƙa aiko da abinci ana ajiyewa a bakin iyaka. Wata 14 aka yi ana mutuwa, aƙalla mutum 260 suka tafi, a watan Agusta kaɗai sama da 70. Matar limamin ma, Catherine, wadda ta ƙi barin mijinta, a watan ta rasu. Mun tsaya a kan kabarinta a harabar cocin St Lawrence, kusa da wani tsohon gicciyen dutse da ya haura shekara 1,000.

Baba ya yi shiru, can ya ce wannan ai shi ne abin da Manzon Allah (SAW) ya umarta, in annoba ta sauka a gari na ciki kada ya fita, na waje kada ya shiga. Ya sa na fassara wa jagorar, har da labarin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas. Ta saurara da gaske, ta ciro ɗan littafinta ta ce in rubuta mata sunan wurin. Kuma ba ta yi mana kwaskwarimar tarihi ba. Da Baba ya tambaye ta ko kullen bai ƙara yawan mace-mace a cikin ƙauyen ba, ta ce masana da dama suna ganin haka ne, an tsare maƙwabta amma na ciki sun biya da rayukansu. Ta kuma faɗa mana cewa masu hali sun fice tun kafin a rufe, har shi limamin ya tura 'ya'yansa biyu waje. Wannan gaskiyar ta fi komai burge ni.

Da aka ba da minti 45 na shan shayi, Baba ya ce shi dutsen iyaka yake son gani. Tafiya ce ta ƙafa ta cikin gonaki, a kan hanyar Stoney Middleton. Na ce, "Baba, gwiwarka fa?" Ya ce in ƙyale shi. Matar nan ta ajiye abincin da ta ciro, ta ce ba za mu gane hanya da sauri ba, ta shiga gaba. Duk inda aka zo matsattsiyar kafa a katanga sai ta karɓi sandarsa ta miƙa masa hannu. Dutsen ba wani babba ba ne, yana zaune a fili cikin ciyawa, da ramuka shida a samansa. Nan mutanen Eyam ke zuba ruwan khal, da suke ganin yana kashe cutar, su jefa tsabar kuɗin abinci a ciki, masu kawo abinci su zo daga baya su ɗauka, ba tare da an haɗu ba. Baba ya durƙusa da ƙyar ya sa yatsa cikin ramin, ya daɗe bai ce komai ba. Ban taɓa ganin wani abu a ƙasar nan ya taɓa shi haka ba.

To amma a nan ne kuma raina ya sake ɓaci. A tallar da kamfanin ya yi, ƙarara aka rubuta za a kai mu kaburburan Riley, inda Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida da hannunta cikin kwana takwas, a Agustan 1666. Muna dawowa direba ya riga ya tada mota, wai lokaci ya ƙure, dole a koma Manchester kafin cunkoso. Gidan tarihin ƙauyen ma daga taga muka hango shi, da hoton ɓera a kan rufinsa. Minti 40 ɗin da suka ci mana da safe, da awa biyun da aka zubar a Bakewell, su ne suka cinye abin da na biya kuɗi dominsa. Wane ne ya tsara a ba wa kantunan tsaraba awa biyu, a ba wa Eyam awa ɗaya da 'yan mintoci? Na ga ran jagorar ma bai so ba, amma ba ita ke riƙe da sitiyari ba. Kujerun bayan kuma matsattsu ne, Baba ya iso gida ƙafa a kumbure.

Na rubuta wa kamfanin tun washegari, yau mako uku ba amsa. Tauraro uku na ba su, kuma don matar nan ne. Wanda ke da dattijo, ko yake son tarihin wurin da gaske, ya hau bas daga Sheffield ya je Eyam kai tsaye ya yini a can. Baba ya koma gida, kuma jiya a waya ya sake tuna mini alkawarin da na ɗaukar masa: ranar Lahadin ƙarshe ta Agusta, da mutanen ƙauyen ke taron tunawa a Cucklett Delf, zan koma in hau tudun Riley in ɗauko masa hoton kaburburan nan bakwai.