Gargaɗi ga iyaye a Kano: mai canza tayar takalmin yara

Assalamu alaikum iyaye 'yan'uwana. Duk wanda ya saya wa ɗansa takalmin nan mai taya a dunduniya, don Allah ya tsaya ya karanta, saboda abin da ya same mu a gida ba na so ya sami kowa.

Akwai wani mutum da ke tallata kansa a Facebook da WhatsApp, wai shi gwanin gyaran irin wannan takalmi ne, yana da tayoyi 'yan asali. Ba shi da shago. In ka nemi adireshi sai ya ce yana Sabon Gari, gobe ya ce yana Ƙofar Wambai, amma kada ka wahalar da kanka, zai turo yaro ya karɓa. Haka muka yi. Tayar takalmin ɗiyata ce ta fara ƙara tana cijewa bayan Sallah, na tura masa hoto. Nan take ya ce, "Hajiya, ai wannan ta mutu, sai an canza duka biyun." Na tura rabin kuɗi, yaro ya zo ya tafi da takalmin.

Bayan kwana huɗu aka dawo da shi, tayoyi na ƙyalli kamar sababbi. Washegari yarinyar ta hau a tsakar gida, taya ta zame a kan tayil, ta faɗi da gwiwar hannu. Alhamdulillahi ba karaya, amma ta kwana tana kuka, ni ma ban runtsa ba.

Ƙanina, wanda ke gyaran babura a Ƙofar Ruwa, shi ya ciro tayar ya duba. Ya ce, "Yaya, an yi miki musanya." Ashe tayoyinmu masu kyau mutumin ya cire ya riƙe, ya sa mana na busasshiyar roba da aka goge da mai. Tayar kirki ana yin ta ne da roba mai ɗan taushi da ake kira foliyuretan: in ka danna farce za ka ji ta ɗan amsa, in ka sake ta a siminti sai ta yi tsalle, kuma tana kama ƙasa. Ta bogi kuwa ƙwas take yi kamar murfin kwalba, ga santsi. Boris ɗin da ke ciki, wato zoben ƙarfen nan mai ƙananan ƙwallaye da ke sa taya juyawa, duk tsatsa ne, an cika shi da giris mai kauri don kada a ji ƙararsa a ranar farko.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da ƙanina ya ce tun farko tayar tamu ba abin da ya same ta. Ƙurar Kano ce kawai, da zare da gashi da ke naɗewa a jikin ƙarfen tsakiya. Gyaran bai wuce a ɓalle tayar, a cire zaren, a wanke boris da kananzir, a bar shi ya bushe sarai, a ɗiga masa man keken ɗinki ɗigo biyu. Ko da boris ɗin ya lalace, yawancin irin waɗannan takalman lamba 608 suke ɗauka, mai ramin tsakiya milimita 8 da faɗin milimita 22, kuma masu sayar da kayan injuna suna da shi. Ita tayar sai ta tsage, ko gefe ɗaya ya cinye, ko ta fara rawa a mazauninta ake canza ta. Kuma a hana yara shiga ruwa da shi, ruwa ne ke kawo tsatsar.

Na kira shi ya fi sau goma. Da farko ya ce yarinya ce ba ta iya hawa ba, daga baya ya toshe lambata. Wata maƙwabciyata a Hotoro ta ce ita takalmin ma gaba ɗaya bai dawo ba, kuma da wata lambar ya yi mata magana, amma hotunan tallan iri ɗaya ne da waɗanda na gani.

Don haka kada ku ba wa ɗan aike takalmin yaranku, kada ku tura kuɗi ga wanda ba ku san ƙofar shagonsa ba. In za a canza taya, a canza a gabanku, ku karɓi tsohuwar a hannu, ku juya sabuwar da yatsa ku saurara kafin yaro ya taka. Wanda ya riga ya tura masa kuɗi ya adana shaidar turawar da hirarsu, mu haɗu mu kai ƙara wurin 'yan sanda tare.