Excel, fom ɗin waya ko babbar manhaja: wanne ya dace da bayanan gwajin ruwa?

Ƙanena, na ga tambayar da ka kawo zauren nan. Ka ce kana aiki a ɗakin gwaji na wani ƙaramin gidan ruwa a nan Zamfara, kullum a littafin rijista kuke rubuta sakamakon gwaji, yanzu kuma shugabanku ya ce a koma kwamfuta. Wani ɗan kwangila ya kawo muku tayin babbar manhaja ta kuɗi, wani abokin aikinka ya ce Excel ya isa, kai kuma kana so ka san wadda za ka ba da shawara a ɗauka. Zan jera maka su gefe da gefe, amma zan ƙara ta uku da ba ka ambata ba, wato fom ɗin waya irin na KoboToolbox ko mWater, domin a ganina shi ya fi dacewa da halin da muke ciki.

Mu fara da abin da kuke son adanawa. A kullum akwai dagulewar ruwa kafin tacewa da bayanta, da ma'aunin pH, da ragowar kulorin, da yawan alam ɗin da aka zuba. Ma'aunin ingancin ruwan sha na Najeriya, NIS 554, wanda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta fitar a 2007 aka sabunta shi a 2015, ya ce dagulewa kada ta wuce NTU 5 (NTU shi ne ma'aunin dagulewa), pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5, kuma kada a sami ƙwayar E. coli, wadda ke nuna kashi ya shiga ruwa, ko ɗaya a cikin mililita 100. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son kulorin ya kai miligiram 0.5 a kowace lita bayan ya yi minti 30 a cikin ruwa, kuma kada ya gaza 0.2 a bakin famfon mai sha. Waɗannan lambobi ba su da yawa. Aikin kowace manhaja shi ne ta riƙe su da gaskiya, ta kuma yi magana idan ɗaya ta kauce. Da wannan nake auna dukkan ukun.

Abu na farko shi ne wuta da sabis. Excel yana aiki ba tare da intanet ba, amma yana kan kwamfuta guda, kwamfutar kuma tana ofis, ofis kuma a kulle yake da dare. Mai aikin dare da ya auna kulorin ƙarfe biyu zai rubuta a takarda ne, sai da safe wani ya kwafe. A wajen kwafar nan ake samun matsala: 0.5 ya zama 5, ko a tsallake layi ɗaya, duk na ƙasa su goce. Fom ɗin waya bai da wannan ciwon. Manhajar KoboCollect ta KoboToolbox tana zama a wayar Android, a cike fom a bakin tanki ko babu sabis, ta ajiye, duk ranar da aka sami data sai a tura. Haka ma mWater. Babbar manhaja kuwa iri biyu ce. Wadda ke zaune a intanet, in babu sabis ta tsaya cak. Wadda ake girkawa a babbar kwamfuta a cikin gidan ruwa tana son wuta dare da rana, wato sola da inbata da batura masu kyau. Mu a jihar nan ba sai an ba mu labari ba: a watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, wasu ƙananan hukumomi suka yi watanni babu sabis, kuma a shekarar ne kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan. Duk tsarin da zai hana ka ganin kulorin ɗin jiya saboda babu intanet, bai dace da mu ba. Ka tambayi ɗan kwangilar wannan tun kafin ya buɗe maganar farashi.

Na biyu, kama kuskure tun daga hannun mai shigarwa. Nan mutane suna raina Excel ba bisa haƙƙi ba. Za ka iya saita gurbin pH ya ƙi karɓar lambar da ta wuce 14, ka sa gurbin dagulewa ya koma ja da kansa idan ta haura 5, ka kulle guraben lissafi da lambar sirri. Matsalar ita ce duk wanda ya kwafo lambobi daga wani wuri ya manna, yana iya share wannan saitin bai sani ba. Ga kuma rikicin kwanan wata: kwamfuta mai saitin Amurka za ta karanta 3/7 a matsayin 7 ga Maris, alhali kai 3 ga Yuli kake nufi, sai bayanan damina su koma rani. A fom ɗin waya ƙa'idar tana cikin fom ɗin kansa. Idan ka ce gurbin kulorin dole ne, ba za a iya kammala fom ba sai an cike shi, kuma kwanan wata da lokaci wayar ce ke sawa. Babbar manhaja ta fi su duka a nan, domin tana iya tura saƙo ga shugaba nan take, har ta tuna maka cewa na'urar auna dagulewa ta isa a sake daidaita ta, ko ƙwayoyin DPD na gwajin kulorin sun kusa lalacewa.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, kuma a kansa zan daɗe: wa ya rubuta lambar, yaushe, kuma an taɓa ta daga baya? A watan Mayu na 2000, a wani ƙaramin gari mai suna Walkerton a ƙasar Kanada, ƙwayar E. coli ta shiga ruwan famfo bayan ruwan sama mai ƙarfi. Mutum 7 suka rasu, kimanin 2,300 suka kamu da rashin lafiya. Binciken da gwamnati ta yi ya gano cewa masu kula da ruwan sun daɗe suna cike takardar kullum da lambobin kulorin da ba su auna ba. Ƙasa ce mai wuta da kuɗi da kayan aiki, amma takardar da ya kamata ta yi gargaɗi ta zama mai rufa asiri. Wannan halin ba na wata ƙasa ba ne ita kaɗai. Duk inda ma'aikaci ya gaji, ko sinadarin gwaji ya ƙare aka ƙi sayo masa, hannunsa zai so ya maimaita lambar jiya.

To a nan Excel ne mafi rauni. Kowa na iya buɗe fayil ya mayar da 0.1 zuwa 0.5, babu wata alama. Littafin rijistarku ma ya fi shi, don a takarda ana ganin inda aka soke da rubutun hannun wanda ya soke. Google Sheets yana ajiye tarihin gyara, amma ya dawo da kai maganar intanet. Fom ɗin waya yana ɗaukar lokacin da aka buɗe shi da lokacin da aka rufe, yana iya ɗaukar wurin da mutum yake tsaye, kuma za ka iya sa dole a ɗauki hoton fuskar na'ura ko kalar ruwan gwaji. Wanda ya zauna a gida ya cike awon sa'o'i shida cikin minti uku, lokacin zai nuna. Babbar manhaja, wadda masu ɗakin gwaji ke kira LIMS, don wannan aka gina ta: kowane samfur yana da lambarsa, kowane ma'aikaci yana shiga da sunansa, duk gyara sai an faɗi dalili kuma tsohuwar lambar ba ta ɓacewa. Ɗakin gwajin da ke neman shaidar ISO 17025, wato shaidar ƙwarewar ɗakin gwaji ta duniya, irin wannan yake buƙata. Sai dai ina roƙonka, in kun sa wannan ido, kada ya zama bulalar dukan ƙananan ma'aikata. Ku bar gurbi a fom da ke cewa "ba a auna ba", tare da dalili: babu sinadari, na'ura ta lalace, babu wuta. Idan mutum ya san ba za a hukunta shi kan faɗin gaskiya ba, zai faɗa, kuma wannan gurbin shi zai zama hujjarku ranar da za ku nemi a sayo kaya.

Na huɗu, me bayanan za su gaya muku? Nan Excel ke da ƙarfi, kuma ko wanne kuka zaɓa, a ƙarshe gare shi za ku dawo, don Kobo ma a fayil ɗin Excel yake sauke maka bayanai. Ka ɗauki maganar alam. A ce gidan ruwanku yana tace lita miliyan 5 a rana, kuna zuba miligiram 30 a kowace lita. Kilo 150 ke nan, buhu 3 masu kilo 50. Damina ta sauka, Gulbin Sakkwato ko duk kogin da kuke ja ya ɗauko laka, gwajin kwalba da ake yi don gano yawan alam ɗin da za a zuba ya nuna sai kun ninka zuwa 60, kun koma buhu 6 a rana. Idan kana da bayanan damina biyu a jere, za ka zana jadawali ka nuna wa shugaba makon da ruwa ke fara dagulewa da yawan buhunan da za a ci daga Yuni zuwa Satumba, a yi odar su tun a Afrilu. Da littafin rijista sai ka yi kwanaki kana buɗe shafuka kafin ka haɗa wannan. mWater kuma yana da nasa amfanin na daban, don an gina shi ne domin harkar ruwa: kowane famfo ko rijiyar burtsatse za ka sa shi a taswira, ka ga unguwar da kulorin ke ƙarewa kafin ruwa ya isa. Sau da yawa ruwa yana fita lafiya daga gidan ruwa, a hanya yake lalacewa, inda bututu ya fashe a cikin kwata.

Bari in ɗan ratse kan dalma, tunda a Zamfara kake. Abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma, inda yara kimanin 400 suka rasu sakamakon gubar dalma, ya samo asali ne daga ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, ba daga ruwan famfo ba. Amma ana wanke wannan ƙasa a tafkuna da ƙoramu, don haka duk gidan ruwan da ruwansa ke gangarowa daga wuraren haƙar ma'adinai ya kamata ya riƙa aika samfur a duba masa. Iyakar dalma a ruwan sha miligiram 0.01 ne a lita, kuma ƙananan na'urorinku na kullum ba za su gan ta ba, sai babban ɗakin gwaji. Irin wannan sakamako yana zuwa jefi-jefi a takarda, a sa a durowa a manta. Ku buɗe masa shafinsa daban, da kwanan wata da wurin da aka ɗebo ruwan.

Kuɗi ba sai na ja ba. Excel yana son lasisi, in babu akwai LibreOffice kyauta. Kobo da mWater suna da tsarin kyauta wanda ƙaramin gidan ruwa ba zai cika shi ba, amma bayanan suna zama a kwamfutocin ƙasar waje, don haka ka nemi izinin shugabanninka a rubuce. Babbar manhaja irin Hach WIMS ta kuɗi ce, ga kuɗin horo da na kulawa duk shekara, galibi da dala. Akwai SENAITE da ba a biyan lasisinta, amma sai da ƙwararren da zai girka ta ya zauna da ku. Ka tambayi ɗan kwangilar: ranar da muka kasa biya, za mu iya fitar da bayananmu gaba ɗaya? In ya yi kwana-kwana, ka san amsa.

Shawarata ga gidan ruwa mai girman naku: kada ku jefar da littafin rijista, a ci gaba da rubutu da sa hannu. Ku sami waya guda ta aiki, ba ta wani ma'aikaci ba, ku sa mata fom ɗin Kobo gajere wanda bai wuce tambaya goma ba. Mutum ɗaya ya riƙa sauke bayanan zuwa Excel duk mako, ya gwada su da littafi, ya ajiye kwafi a wuri biyu, ya liƙa jadawalin kulorin da dagulewa a bango inda masu aiki za su gani. Kuɗin da za a ba ɗan kwangila, a fara sayen ƙwayoyin DPD na shekara, da ruwan daidaita na'urar pH, da kayan gwajin E. coli. Babbar manhaja ta jira sai ranar da hukuma ta haɗa gidajen ruwa da yawa ƙarƙashin ɗakin gwaji ɗaya mai tsayayyar wuta da ma'aikacin kwamfuta nasa.

In shugabanku ya amince, ka turo mana jerin gwaje-gwajen da kuke yi da sau nawa kuke yin kowanne a rana, mu taya ka tsara tambayoyin fom ɗin da iyakokin kowace lamba.